Yadda na bi kadin aikina bayan ƙaramar hukuma ta ce na yi murabus

A dokar ma'aikatan gwamnati ta Sudan ta shekarar 2007, wadda dokokin jihohi suka bi sawunta, akwai wata saɗara da yawancin ma'aikata ba su san da ita ba sai ranar da ta faɗo kansu. Saɗarar ta ce duk ma'aikacin da ya yi kwana 45 a jere bai zo aiki ba, kuma ba shi da uzuri karɓaɓɓe, ana ɗaukar sa a matsayin wanda ya ajiye aiki da kansa. Wanda aka tuhuma da cin amana ko saɓa umarni ana kafa masa majalisar bincike, a karanta masa tuhuma, a saurari kariyarsa kafin a yanke hukunci, amma wanda aka ce ya yi murabus ta wannan hanya takarda guda ce ake rubutawa, a cire sunansa daga jerin masu albashi. Da wannan saɗara aka raba ni da aikina a wata ƙaramar hukuma, ko mahalliyya kamar yadda muke kira, a yankin Nilul Azraƙ, inda na shafe shekaru ina karɓar kuɗin shiga a kasuwa.

Abin da ya hana ni zuwa aiki ba ɓoyayye ba ne ga kowa a ƙasar nan. A tsakiyar watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu al'ummomin yankin, a kan filaye da kuma batun bai wa Hausawa sarautar gargajiya tasu, aka kashe fiye da mutum ɗari cikin 'yan kwanaki, dubbai suka bar gidajensu a Rusairis da ƙauyukan da ke kewaye da Damazin, babban birnin yankin. Na kwashi iyalina muka yi arewa, muka sauka wurin dangin mahaifiyata a Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa a bakin kogi kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. Da na fito, na'urar yanke rasit ɗin gwamnati, wato Ornik 15 da aka mayar na lantarki tun 2015, tana cikin jakata. Kayan hukuma ne da na sa hannu na karɓa, saboda haka a watan Agusta na ba wani abokin aikina da ba Bahaushe ba, wanda ya zo duba mu, ya mayar da ita ofis tare da wasiƙar da na bayyana inda nake da dalilin da ya sa ba zan iya dawowa a lokacin ba. Ma'ajin kaya ya karɓa ya sa hannu a kan kwafin wasiƙar, abokin nawa ya ɗauki hotonta ya turo mini ta WhatsApp.

Albashi ya tsaya a watan Satumba, amma a ƙaramar hukuma jinkirin albashi ba labari ba ne, don haka ban ɗauke shi a matsayin alama ba. A watan Oktoba rikici ya sake tashi a Wad al-Mahi, ya fi na farko muni, har aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin. Sai a watan Nuwamba, da hanya ta ɗan lafa, na je ofis da kaina. Jami'in kula da ma'aikata, mutumin da muka sha shayi tare shekara da shekaru, ya sunkuyar da kai ya ciro mini takarda mai kwanan watan Satumba, ɗauke da sunayenmu mu da dama, akasari waɗanda suka yi gudun hijira. Na roƙe shi ya ba ni kwafi, kuma ya rubuta a ƙasa ranar da na karɓa, ya buga hatimi. Ya yi hakan ba tare da gardama ba, kuma ina ganin ya san amfanin da wannan layi guda zai yi mini fiye da yadda ni na sani a ranar.

Lauyan da na je wa ɗan wani maƙwabcinmu ne na da, yana da ofis a Damazin. Da na fara ba shi labarin ƙone-ƙone da yadda muka kwana a hanya, ya saurare ni cikin ladabi har na gama, sannan ya ce: "Kawu, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma alƙali ba zai fara da wannan ba. Zai fara tambayar yaushe ka san da hukuncin, da kuma wa ka kai wa koke kafin ka zo gabansa." Daga nan ya buɗe mini Dokar Shari'ar Hukuncin Hukumomi ta 2005. A ƙarƙashinta, mutum yana da kwana 60 ya ƙalubalanci hukuncin da wata hukuma ta yanke, ana ƙirga su daga ranar da aka wallafa hukuncin ko aka sanar da shi ko ya san da shi sani na haƙiƙa. Kotu ba ta karɓar ƙarar sai mutum ya bi hanyoyin koke da doka ta tanada, kuma idan ya kai koke aka yi kwana 30 ba a ba shi amsa ba, doka tana ɗaukar shirun a matsayin ƙi, sai ya wuce gaba. Hukuncin Shugaban Ƙasa ko majalisar ministoci ko ministan tarayya yana zuwa gaban alƙalin Kotun Ƙoli, na sauran hukumomi kuwa, har da irin namu, alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ne ke duba shi.

Ya kuma bayyana mini cewa ƙofofin da ake bi a rusa hukuncin hukuma guda huɗu ne kawai: ko wanda ya yanke shi ba shi da hurumi, ko an saɓa wa tsarin da ya kamata a bi, ko an saɓa wa doka ko an yi kuskure wajen aiki da ita, ko kuma an yi amfani da iko ba bisa ƙa'ida ba. Ni zuciyata tana kan ta huɗun, domin na yi imani, kuma har yanzu ban sauya ra'ayi ba, cewa wasu sun ga dama ce ta samu ta cike guraben waɗanda suka gudu. Lauyan, wanda nake kira Ustaz, ya ƙi. Ya ce niyyar mutum ita ce abu mafi wuyar tabbatarwa a gaban alƙali, ba mu da shaidar da za ta tsaya ta rantse a kai, kuma idan muka shigar da ƙabilanci cikin takardar ƙara a garin da raunin bai warke ba, za mu mayar da ƙaramar shari'a babba, mu kuma jawo wa shaidunmu tsoro. Muka tsaya a kan ta uku: doka ta gindaya sharuɗɗa biyu, rashin zuwa na kwana 45 da rashin uzuri karɓaɓɓe, hukuma kuwa ta ƙirga kwanaki ta tsallake uzurin.

Koken farko mun rubuta shi ga babban daraktan ƙaramar hukumar, wanda ya sa hannu a takardar sallamar. Shafi guda ne da rabi, babu zagi, babu kuka. Mun haɗa da kwafin lambar ɗan ƙasa, da takardar ɗaukata aiki, da hoton wasiƙar watan Agusta, da katin rajistar 'yan gudun hijira da aka ba mu a jihar Sinnar, da takardar shaida daga kwamitin unguwar da muka sauka. Ustaz ya nanata mini cewa kada in miƙa takardar hannu da hannu ga kowa, ko da daraktan ne da kansa, sai a ofishin karɓar wasiƙu, a shigar da ita a littafin da ake kira sirki, a ba ta lamba, a buga hatimi a kwafina. Magatakardan ya so ya ce in ajiye in dawo gobe, na zauna a bencin ƙofarsa har ya rubuta. Kwana 30 suka cika babu amsa.

Mataki na gaba shi ne Diwanul Adala, hukumar da aka kafa musamman domin sauraron koken ma'aikatan gwamnati, wadda take da ta ƙasa da kuma na jihohi. Tarihinta yana da muhimmanci ga wanda ke cikin irin halin da na shiga. Kundin tsarin mulki na 1998 ya sanya hukuncinta ya zama na ƙarshe, kotuna ba sa duba shi, amma kundin wucin gadi na 2005 ya ce tana sauraron koke ba tare da tauye haƙƙin ma'aikaci na zuwa kotu ba. Lauyoyi sukan yi saɓani a kan ko dole ne a bi ta can kafin kotu, shi ya sa Ustaz ya zaɓi mu bi, don kada a samu abin riƙewa daga baya. Diwanin ya karɓi kokena, ya rubuta wa ƙaramar hukumar yana neman fayil ɗina da amsarta, amma fayil bai fito daga ofishinmu ba. Da wa'adin ya cika, Ustaz bai jira ko mako guda ba, ya shirya takardar ɗa'ani, wato ƙarar neman soke hukuncin, muka biya kuɗin kotu muka shigar a farkon 2023, 'yan makonni bayan yarjejeniyar zaman lafiya da shugabannin al'ummomin yankin suka sa wa hannu a Damazin a watan Janairu.

Kotun ba ta yi kama da abin da mutanenmu ke tsoro ba. Ɗaki ne madaidaici, alƙali guda, kowa yana kiran sa Maulana, kuma mafi yawan aikin a rubuce ake yin sa, kowane ɓangare ya miƙa takardarsa a ba ɗayan lokaci ya mayar da amsa. Mai kare ƙaramar hukumar mashawarcin shari'a ne daga Ma'aikatar Shari'a, kamar yadda aka saba a duk hukumomin gwamnati. Mun nemi a dakatar da aiwatar da hukuncin har a gama shari'a, domin shigar da ƙara kaɗai ba ya dakatar da shi, amma alƙalin ya ƙi, bisa dalilin cewa asarar albashi abu ne da za a iya gyarawa daga baya. Ban ji daɗi ba, sai dai Ustaz ya riga ya gaya mini cewa da wuya a samu.

Amsar mashawarcin ta farko ba ta taɓa batun uzurina ba ko kaɗan. Ya nemi a kori ƙarar tun daga ƙofa, saboda dalilai biyu. Na farko, ya ce an liƙa jerin sunayen a allon sanarwa na ofis tun watan Satumba, don haka kwana 60 sun ƙare kafin in rubuta koken farko. Na biyu, ya ce ban jira Diwani ya yanke hukunci ba. A nan ne shari'ar ta fi tsayawa, kuma a nan ne na fahimci cewa yawancin waɗanda suke rasa irin wannan ƙara ba a taɓa sauraron asalin maganarsu ba, lissafin kwanaki ne ke fitar da su. Ustaz ya miƙa kwafin da jami'in ma'aikata ya rubuta wa ranar karɓa, ya ce takardar da aka liƙa a bangon ofis a garin da mutum ya gudu daga cikinsa don tsira da ransa ba ta isa a ce ya sani ba, balle ma hukumar tana da adireshinsa da lambar wayarsa a rubuce tun watan Agusta. Game da Diwani kuwa, ya nuna ranar shigar da koke da ranar shigar da ƙara, ya ce doka ce da kanta ta mayar da shiru ƙi, kuma wanda ya riƙe fayil ba zai ci ribar jinkirin da ya haddasa ba. Alƙalin ya yi watsi da dalilan biyu, ya umarci hukumar ta amsa a kan asalin magana.

A zaman jiran kotu na saba da wani dattijo, tsohon ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma, wanda ya zo bin lissafin fanshonsa. Yana cikin dubban da aka sallama da sunan maslahar jama'a, wato salihul am, bayan juyin mulkin 30 ga Yunin 1989 da ya kawo Umar al-Bashir, lokacin da ake korar mutum da layi guda ba tare da an faɗi laifinsa ba. Bayan faɗuwar gwamnatin a Afrilun 2019, gwamnatin Abdalla Hamdok ta kafa kwamitin duba lamarin waɗanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba, sai dai da yawansu sun riga sun wuce shekarun aiki, wasu sun rasu. A wancan lokaci kuma aka kafa kwamitin rusa tsarin tsohuwar gwamnati a Disambar 2019, shi ma ya sallami ma'aikata masu yawa, kuma daga baya sashen Kotun Ƙoli ya soke da dama daga cikin hukunce-hukuncen nasa, an kuma dakatar da aikin kwamitin a ranar 25 ga Oktoban 2021. Dattijon ya ce mini: "Ɗana, kai ka yi sa'a, kana da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa." A ganina, abin da ya haɗa waɗannan sallama da tawa shi ne gaggawar rubuta sunaye a jeri guda ba tare da an kira kowa an tambaye shi ba, ko da kuwa manufar masu rubutawar ta bambanta.

Kafin a saurari shaidu, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ranar 15 ga Afrilun 2023. Damazin ta ci gaba da kasancewa a hannun sojoji, amma komai ya rikice, aka ɗage zamanmu har damina ta yi nisa. Na ci gaba da zirga-zirga a hanyar Sinja daga Mai Wurno, kuɗin mota na ninkuwa, Ustaz kuwa ya yarda in riƙa tura masa haƙƙinsa kaɗan-kaɗan ta manhajar banki ta Bankak duk lokacin da na samu.

Da aka dawo zama, an kira jami'in kula da ma'aikata ya ba da shaida a madadin hukumar. Tambayoyin da Ustaz ya yi masa gajeru ne. Ko an aika mini da gargaɗi kafin a rubuta takardar? Ya ce ba a aika ba. Ko akwai wata takarda a fayil da ke nuna an duba uzurina an ƙi shi? Ya ce babu. Sannan aka nemi a kawo littafin sirki na watan Agustan 2022, da takardar shigar da kaya ta ma'aji. A littafin aka ga wasiƙata da lambarta, an tura ta sashen kuɗi saboda batun na'urar, ba a kai ta sashen ma'aikata ba. Wato hukumar ta karɓi na'urarta daga hannuna a rubuce, ta san inda nake, bayan makonni kaɗan kuma ta rubuta cewa na ɓace ba labari. Mashawarcin ya yi ƙoƙarin cewa wasiƙar ba neman hutu ba ce a kan fom ɗin da aka tanada, alƙalin ya tambaye shi a wane ofis ne mai gudun hijira zai samu fom ɗin a makon da ake maganar. Abokin aikina da ya kai na'urar shi ma ya zo ya rantse, duk da cewa akwai waɗanda suka ba shi shawarar kada ya sa kansa.

Hukuncin ya soke takardar sallamar a kan abin da ya shafe ni kaɗai. Alƙalin ya ce ɗaukar ma'aikaci a matsayin wanda ya yi murabus ya ginu ne a kan zaton cewa ya yi watsi da aikinsa, kuma wannan zato yana faɗuwa idan ya sanar da uzurinsa, hukuma kuma ba ta da ikon tsallake uzurin ba tare da ta auna shi ta bayyana dalilin ƙin sa ba. Bai ce komai game da niyyar kowa ba. Bai kuma yanke mini diyya ba, ko da yake doka ta ba shi ikon yi, domin a ganinsa ba mu gabatar da lissafin asarar da ya isa ba. Hukumar tana da damar ɗaukaka ƙara, amma ba ta yi ba.

Aiwatarwa wani aiki ne daban. Sai da kotu ta rubuta wa babban daraktan a hukumance, sannan aka fitar da takardar mayar da ni, na sa hannu a takardar kama aiki, aka aika sunana ma'aikatar kuɗi ta yankin domin a mayar da shi jerin albashi. Abin da na fi damuwa da shi shi ne a rubuta a fayil cewa aikina bai yanke ba, saboda kowane wata da aka cire daga shekarun aiki yana rage fansho, kuma tun da aka mayar da shekarun ritaya 65 a 2015 ina da sauran tafiya. An rubuta hakan. Na nemi a sauya mini wurin aiki daga kasuwar da nake zuwa wani sashe, aka amince. Albashin watannin da na yi a waje kuwa an lissafa shi a takarda, an sa shi cikin basussukan da ma'aikata ke bin hukuma, a lokacin da su kansu waɗanda ba a taɓa kora ba suke yin watanni ba a biya su ba saboda yaƙi. Da dakarun RSF suka kama Sinja a watan Yunin 2024 hanyar Damazin ta yanke, har sai da sojoji suka ƙwato garin a Nuwamba, kuma darajar kuɗin da nake bi ta ragu matuƙa a tsakanin nan.

Sauran waɗanda sunayensu ke cikin jerin ba su amfana da hukuncina kai tsaye ba, domin kowa sai ya shigar da nasa. Waɗanda suka karɓi kwafin takardar a makare, kamar ni, sun samu hanya, kuma wasu an mayar da su tun a matakin koke bayan da mashawarcin ya ga yadda tawa ta ƙare. Waɗanda suka sa hannu a kan sanarwar tun watan Satumba sannan suka koma sansani suna jiran dattawa su sasanta maganar, kwana 60 ɗinsu sun ƙare, abin da ya rage musu shi ne neman a sake ɗaukar su aiki, wanda alfarma ce ta hukuma. Masu shara da masu gadi da aka ɗauka a kan kwantiragin wucin gadi kuwa Ustaz ya tura su ofishin ƙwadago, domin lamarinsu yana ƙarƙashin Dokar Ƙwadago ta 1997, inda ake maganar kuɗin sallama da na gargaɗi. Da yawansu ba su da ko takardar ɗaukar aiki, saboda haka muka taimaka musu suka nemo kwafin takardun biyan kuɗi na wata-wata da suka dangwala wa yatsa, aka haɗa da kokensu a matsayin shaidar tsawon lokacin da suka yi suna aiki.